Mai ciwon sukari, tsare ƙodarka tun da sauran lokaci



Kowane manomi ya san yadda ruwa ke cin gona. Shekarar farko ɗan tsagi ne a gefen gona, ƙaramin yaro ma yana tsallake shi. Mai gona ya duba, ya ce ba kome. Shekara na tafiya, tsagi na ƙara faɗi, har ya zama kwazazzabo, ya raba gona biyu. Shi ya sa manoman Adar da na sauran yankuna suke jera duwatsu, suna haƙa tassa da rabin wata. Duwatsun nan ba su maido ƙasar da ruwa ya riga ya tafi da ita. Suna dai tsare wadda ta rage, gona ta ci gaba da ciyar da gida shekaru masu yawa.

Kamar yadda ruwa ke cin gona, haka ciwon sukari ke cin ƙodar mutum, sannu a hankali, ba tare da zafi ba. A yau likitoci suna da magunguna masu rage gudun wannan ɓarna. Aikinsu ɗaya ne da na jeren duwatsu. Amma suna amfani ne ga wanda ya san da su, ya fara su da wuri, ya kuma riƙe su kullum. Bisa su ne za mu yi bayani. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Mene ne aikin ƙoda?

Kowane mutum yana da ƙoda biyu. Suna can ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ko akuya ya san kamarta.

Aikin ƙoda shi ne tace jini. Cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani. Dare da rana jini na bi ta cikinsu. A kwana ɗaya suna tace ruwa kimanin lita 180, wato bido 9 masu cin lita 20. Kusan duk ruwan nan ƙoda tana maida shi cikin jini. Abin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Shi ne fitsari. Shi ke ɗauke da dattin jiki, da gishirin da ya yi yawa.

Ƙoda tana da wasu ayyukan kuma. Tana hana jini hawa fiye da kima. Tana aika wa ɓargo saƙo ya yi sabon jini. Tana taimakawa ƙashi ya yi ƙarfi. Saboda haka in ta lalace, duk jiki ke ji.

Ta yaya sukari ke ɓata ƙoda?

Ku tuna da rariyar tankaɗe gari. Rariya mai kyau tana barin gari ya wuce, ta riƙe tsaki. In aka yi ta danna ta da ƙarfi, ramukanta sai su buɗe, tsaki ya riƙa zuba cikin gari.

Matatan ƙoda haka suke. In sukari ya daɗe da yawa cikin jini, jini yakan shiga matatai da ƙarfin da ya fi ƙarfinsu. In kuma akwai hawan jini, matsin sai ya ƙaru. Bayan shekaru, matatai su fara yoyo. Abu na farko da ke zuba shi ne albumin. Albumin sinadari ne mai gina jiki, mai kama da farin ƙwai. Wurin zamansa cikin jini ne, bai kamata a gan shi cikin fitsari ba.

Matacin da ya daɗe yana yoyo yakan toshe, ya mutu. Wanda ya mutu ba ya dawowa. Aikinsa sai ya koma bisa sauran, su ma su gaji, su bi shi. Cikin masu ciwon sukari uku, kimanin ɗaya yakan kamu da wannan cutar ƙoda. A duniya duka, ciwon sukari shi ne babban dalilin tsayawar ƙoda.

Masu ciwon sukari kuwa suna da yawa. A shekarar 2021, ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari ta ƙiyasta manya miliyan 24 ke da shi a Afirka ta kudu da Sahara. Fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Cutar da ba ta sallama

Mutane da yawa suna zaton ciwon ƙoda shi ne ciwon baya. In manomi ya wuni duƙe da haiwa ko kalme, bayansa ya riƙe, sai ya ce ƙoda ce. Galibi wannan gajiyar nama ce da ƙashi. Ƙodar da sukari ke ci ba ta ciwo. Mutum yana iya rasa rabin ƙarfin ƙodarsa yana noma, yana zuwa kasuwa, bai ji kome ba.

Alamomi sai daga baya suke fitowa. Fitsari ya riƙa kumfa kamar an zuba sabulu. Ƙafafu su kumbura, fuska ta yi nauyi da safe. Jiki ya mutu, abinci ya fita rai, zuciya ta riƙa tashi, fata ta riƙa ƙaiƙayi. Wanda ya jira alamomin nan ya jira kwazazzabo ya kai tsakiyar gona.

Hanyar ganewa da wuri ita ce awo. Awo uku ne:

Na ɗaya, awon fitsari, don a ga ko akwai albumin.

Na biyu, awon jini mai suna kireyatinin. Da shi likita ke lissafa ƙarfin ƙoda. Bisa takardar awo akan rubuta wannan lissafi da haruffa uku, DFG. Lambar lafiyayyen matashi takan kai 90 ko ta wuce. In ta sauka ƙasa da 60, ta zauna haka wata uku, akwai cutar ƙoda. In ta sauka ƙasa da 15, ƙoda ta kusa tsayawa.

Na uku, awon hawan jini. Ga mai ciwon sukari, galibi ana son ya tsaya ƙasa da 13 bisa 8. Wasu suna rubuta shi 130 bisa 80.

Babban mutum da aka gano yana da ciwon sukari, a yi masa awon fitsari da na jini tun ranar da aka gano, domin sau da yawa ciwon ya daɗe cikin jiki ba a sani ba. Daga nan a riƙa maimaitawa ko sau ɗaya ne a shekara. In gidan likitan garinku ba shi da kayan awo, ku nemi takardar zuwa babban asibiti.

Magani na farko: masu «pril» da masu «sartan»

Ga inda karatu ke da rana. Ku ɗauki kwalin magani, ku duba ƙarshen sunansa. Ƙarshen suna shi ke nuna dangin magani.

Dangi na farko sunayensu suna ƙarewa da «pril», kamar captopril da énalapril. Ƴan'uwansu na kusa suna ƙarewa da «sartan», kamar losartan da irbésartan. Dukansu magungunan hawan jini ne, amma suna da wani aiki na musamman cikin ƙoda. Kowane mataci yana da hanyar da jini ke shiga, da hanyar da yake fita. Magungunan nan suna buɗe hanyar fita. Mai lambu ya san wannan: in ruwa ya cika fangali zai fasa shi, sai a buɗe masa mafita. Da matsi ya ragu, yoyon albumin sai ya ragu, matatai su ƙara kwana.

An gwada wannan bisa mutane. A shekarar 1993, likitoci a Amurka suka ba da sakamakon bincike bisa masu ciwon sukari 409 waɗanda ƙodarsu ta fara lalacewa. An ba rabinsu captopril. Ga waɗanda suka sha shi, haɗarin mutuwa ko tsayawar ƙoda ya ragu da rabi. A shekarar 2001 aka gwada losartan bisa mutum 1.513 a ƙasashe da yawa. Haɗarin tsayawar ƙoda ya ragu da kashi 28 cikin 100.

Likita yakan rubuta su ga mai ciwon sukari wanda ke da hawan jini, musamman in an ga albumin cikin fitsarinsa. Sun daɗe a kasuwa, kuɗinsu da sauƙi bisa ga sababbin magunguna. Ga abin da mai shan su zai kiyaye:

Ba a haɗa mai «pril» da mai «sartan». Ɗaya ake sha.

Bayan mako biyu zuwa huɗu da farawa, a koma a auna jini. Likita zai duba kireyatinin da wani gishirin jini mai suna fotasiyom, wanda yawansa ke da haɗari ga zuciya.

Masu «pril» sukan sa wa wasu busasshen tari. Wanda ya samu haka, kada ya jefar da magani ya yi shiru. Ya koma, a canza masa da mai «sartan».

In leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, a daina sha, a tafi gidan likita nan take.

Mace mai ciki ba ta shan su, domin suna cutar da ɗan da ke ciki. Wadda ke son ɗaukar ciki, ko ta ga batan wata, ta gaya wa likita ko ungozomar asibiti, a canza mata wani.

Magani na biyu: masu «gliflozine»

Dangi na biyu sababbi ne. Sunayensu suna ƙarewa da «gliflozine»: dapagliflozine, empagliflozine, canagliflozine. Ƙwaya ɗaya ake sha a rana.

A al'ada, ƙoda tana kama sukarin da ya bi ta matatai, ta maida shi cikin jini. Magungunan nan suna hana ta yin haka. Sukari da ɗan gishiri sai su fita cikin fitsari. Ban da wannan, suna rage ƙarfin jinin da ke shiga matatai. Kun ga ke nan, dangi na farko ya buɗe hanyar fita, na biyu ya rage abin da ke shiga. Shi ya sa likitoci ke haɗa su, in hali ya yi.

Da farko an yi su ne don rage sukari kawai. Daga baya aka lura suna kare ƙoda da zuciya. A shekarar 2019 aka ba da sakamakon gwajin canagliflozine bisa masu ciwon sukari 4.401. Dukansu suna shan magani na dangin farko, aka ƙara wa rabinsu sabon. Haɗarin lalacewar ƙoda ko mutuwa ta dalilin ƙoda da zuciya ya ragu da kashi 30 cikin 100. Ma'ana, inda da mutum 10 abin zai samu, sai ya samu 7. A shekarar 2020 aka ga irin haka da dapagliflozine bisa mutum 4.304, a 2022 kuma da empagliflozine bisa mutum 6.609. A shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan dangi cikin jerin magungunan da suka zama dole ga kowace ƙasa.

Sun fi na farko tsada, ba kuma kowace farmasi ke da su ba. Duk da haka ya kamata mai ciwon sukari ya tambayi likitansa ko sun dace da shi. Matambayi ba ya ɓata. Ga abin kiyayewa:

Fitsari zai ɗan ƙaru, kuma zai ƙunshi sukari. In kiyashi ya taru inda aka yi fitsari, ko awon fitsari ya nuna sukari, aikin maganin ne.

Sukarin nan yakan jawo ƙaiƙayi a gaba, musamman ga mata. A yi tsarki da ruwa mai tsabta, a busar da wurin. In ƙaiƙayi ya zo, akwai maganinsa, kada kunya ta hana faɗi.

In mai shan su ya ji amai, da ciwon ciki, da numfashi sama-sama, da kasala mai tsanani, ya daina, a kai shi asibiti, ko da awon sukarinsa bai hau ba.

Mace mai ciki da mai shayarwa ba su shan su. Haka ma mai irin ciwon sukarin da ke kama yara da matasa, wanda dole sai da allurar insulin.

Akwai wasu biyu da suka biyo baya. Ƙwaya mai suna finérénone, wadda gwajin shekarar 2020 ya nuna tana rage gudun cutar. Da allura mai suna sémaglutide, wadda ake yi sau ɗaya a mako, gwajin shekarar 2024 ya nuna ita ma tana kare ƙoda. Suna da tsada ƙwarai. Babban likita ne ke yanke shawara bisa su.

Maganin sukari shi kansa

Jera duwatsu ba ya hana a kula da inda ruwa ke fitowa. Tushen cutar shi ne sukari, dole a riƙe shi. Ga yawancin manya, ana son awon safe kamin a ci kome ya tsaya tsakanin giram 0,80 da 1,30 a lita.

Ƙwayar da aka fi ba manya ita ce metformine. Ƙoda ce ke fitar da ita daga jiki. In lambar DFG ta sauka ƙasa da 45, likita yakan rage yawanta. In ta sauka ƙasa da 30, yakan tsayar da ita. Wata ƙwayar, glibenclamide, takan daɗe cikin jinin mai raunin ƙoda, ta kayar da sukari ƙasa ƙwarai. Mutum ya ji rawar jiki, da zufa, da jiri, har ya suma. Allurar insulin ma akan rage yawanta in ƙoda ta yi rauni.

Saboda haka maganin da ya dace da mutum bara yana iya yi masa yawa bana. Kada a riƙa sayen magani shekara da shekaru da tsohuwar takarda. Kada kuma a ari maganin maƙwabci don ciwo ya zo ɗaya.

Ranar zawo, lokacin bazara, da watan azumi

Ƙoda tana son ruwa. Ranar da mutum ke zawo ko amai, ko zazzaɓi ya hana shi ci da sha, ruwan jikinsa yakan ragu. A irin wannan rana, masu «pril», da masu «sartan», da masu «gliflozine», da metformine suna iya yi wa jiki lahani. Sai a dakatar da su, a sha ruwa, a tafi gidan likita. In an warke, an koma ci da sha kwana ɗaya ko biyu, sai a ci gaba da su. Mai allurar insulin kuwa ba ya barin ta da kansa, sai da shawarar likita.

A watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce maki 40. Mai shan magungunan nan, in zai tafi sassabe ko kiwo ko kasuwa, ya riƙe gorar ruwa. Kada ya jira ƙishirwa ta kama shi. Amma wanda jikinsa ya riga ya kumbura, likita ne zai gaya masa yawan ruwan da zai sha.

In azumi ya gabato, a je wurin likita tun da wata ɗaya ko biyu. Zai duba ko mutum zai iya, ya kuma gyara masa lokutan shan magani. Wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, galibi akan ba shi shawarar ya aje azumi. Malamai sun san sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya.

Abubuwan da ke rushe aikin magani

Na farko, ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye bisa tebur ko wurin masu yawo da magani a ka. Da yawansu ibuprofène ne ko diclofénac. Suna kashe ciwon gwiwa da na baya, amma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ga mai ciwon sukari haɗarinsu babba ne, balle in ya haɗa su da mai «pril» ranar zafi. In ciwo ya dame shi, paracétamol ya fi sauƙi ga ƙoda, bisa adadin da likita ya faɗa.

Na biyu, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato cikin ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen ɗanɗanon miya yawancinsa gishiri ne. Kanwa ma dangin gishiri ce, tana hawar da jini. Gishiri mai yawa yana rage ƙarfin masu «pril» da masu «sartan». Uwar gida tana iya gyara miya da daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta, ta rage gishiri kaɗan-kaɗan har baki ya saba. Duk gidan zai amfana.

Na uku, taba, ta sha da ta ci. Tana ƙuntata hanyoyin jini, har da na ƙoda.

Na huɗu, jiƙo da saƙe-saƙin da ba a san abin da ke ciki ba. Gaskiya ne magunguna da yawa daga daji suka samo asali. Captopril, daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Birazil aka gano hanyar yin sa. Masu «gliflozine» kuma asalinsu wani sinadari ne da aka ciro daga ɓawon itacen tuffa a shekarar 1835. Amma sai da aka tace su, aka auna su, aka gwada su shekaru kamin a ba jama'a. Jiƙon kasuwa ba shi da ma'auni, kuma duk abin da aka sha, ƙoda ce za ta tace shi. Mai shan wani abu na gargajiya ya gaya wa likitansa gaskiya.

Babban kuskure: dainawa

Mu ɗauki misalin manoma biyu. An gano albumin cikin fitsarinsu rana ɗaya, an rubuta masu magani iri ɗaya. Na farko ya sha wata biyu. Ya ce: «Ni da ma ban ji ciwo ba, yanzu ma ban ji wani canji ba. Don me zan riƙa zubar da kuɗi?» Ya daina. Na biyu ya ci gaba, yana komawa awo. Shekara ta farko ba wanda zai bambanta su. Bambanci sai bayan shekaru yake fitowa, lokacin da ɗaya ke shuka, ɗaya na kwance.

Magungunan nan ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne, da ake sha kwana uku a gama. Ba su sa mutum ya ji daɗin jiki nan take. Takardar awo ce ke nuna aikinsu: albumin ya ragu, lambar DFG ta daina gangarawa da sauri. Ranar da aka bar su, matsi ya dawo.

Sau da yawa rashin kuɗi ne ke sa a daina. Wanda abin ya fi ƙarfinsa, ya faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, domin ya zaɓa masa mai sauƙin kuɗi. Gara magani ɗaya da ake sha kullum da uku da ake sha wata ɗaya a bari. Da kaka, in ana ware iri, a ware kuɗin magani. Ɗan da ya tafi ci-rani, a gaya masa sunan maganin da kuɗinsa na wata. A sayi sabo kamin tsohon ya ƙare. A aje shi cikin inuwa, nesa da rana da hannun yara.

In ƙoda ta tsaya

In ƙoda ta tsaya gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne wankin jini da na'ura, ko dashen wata ƙoda. Wankin jini yana ceton rai. Amma akan yi shi sau biyu ko uku kowane mako, awa huɗu a kowane zama, har iyakar rayuwa. Na'urorin suna manyan asibitoci ne kaɗan, kamar na Lamorde a Yamai da babban asibitin Damagaram. Mutumin karkara dole ya bar gonarsa, ya koma birni, shi da mai jinyarsa. Gidaje da yawa sun sayar da dabbobi da gonaki a wannan hanya. Kowace shekara da magani ya jinkirta ranar nan, riba ce ga mai ciwo da iyalinsa. Da yawa kuma, in sun fara da wuri, ranar ba ta zuwa sam.

Abin riƙewa

1. Mai ciwon sukari ya auna fitsari da jini ko sau ɗaya ne a shekara, ko da yana jin garau.

2. Ya tambayi likita: «Akwai albumin cikin fitsarina? Nawa ce lambar ƙodata? Wane magani ke kare ta?»

3. Ya koyi karanta sunan maganinsa, ya rubuta shi cikin littafi tare da sakamakon awo da kwanan wata.

4. Ya sha magani kullum, a lokaci ɗaya. Kada ya daina sai ranar zawo da amai, ko da umurnin likita.

5. Ya guji ƙwayoyin tebur, ya rage gishiri da kanwa, ya bar taba.

6. Wanda ya kai shekara 40, ko ciwon sukari na cikin danginsa, ya je a auna shi, ko bai ji kome ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuna da mai ciwon sukari a gida ko a unguwa, ku kai masa wannan jarida, ku karanta tare, ku raka shi awo ranar kasuwa mai zuwa.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.